Kalmar da Malama Ta Ba Ni Kiwo

Ina tsakar gida ina tsince wake a faifai, rana ta fara karkatawa, sai na ji sallamar Asabe daga zaure. Asabe ƙawata ce tun muna firamare, kuma ba mai shigowa a hankali ba ce. Kullum da surutu take faɗowa gida, ko tana mitar mai adaidaita, ko tana yi wa jikokina tsiya. Ran nan shiru ta shigo, ta zauna a bakin tabarma ba ta ko sauke mayafi ba. Muka gaisa. Ta ɗauki ƙwayar wake tana juyawa a yatsunta, sannan ta ce, "Malamarmu ta Wusasa ta rasu. Shekaranjiya aka binne ta."

Na ajiye faifan. Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kaji suka fara kusantar waken ba wanda ya kore su. Can Asabe ta ɗago ta dube ni.

"Kin dai mayar mata da abinta ko?"

Na kau da kai. Ta gane. Ta ce, "Haba ƴar'uwa."

Wanda bai zauna a ajin Malama ba, ba zai fahimci wannan tambaya ba, don haka sai na koma baya.

A zamanin da muke tasowa a Kusfa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuyar kiwo ba. Mace mai ɗan hali takan sayi akuya ta ba wata ta riƙe mata. In ta haihu a raba ƴaƴan yadda aka yi alkawari, uwar kuwa tana nan ta mai ita duk daɗewa. Innarmu tana riƙe da wata ja mai farin goshi, ta wata tsohuwa a Ƙofar Doka. Ni ce mai kai mata dusa da ƙasari da safe, ni ce mai share turke, ni ce mai bin ta lungu-lungu in ta tsinke igiya. Har yanzu in na tuna safiyar gidanmu, sautuka nake fara ji kafin in ga fuskoki: ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, luguden tabarya daga maƙwabta, kukan akuyar nan, da tarin Baba a zaure yana fiƙe alƙalami. Baba mai zayyana ne. Shi ke zana tsarin aiki a jikin babbar riga da alƙalamin kara da tawada kafin masu ɗinkin hannu su ɗauka. Daga cikin waɗannan sautuka akwai wani da ba na gidanmu ba, wato ƙwas-ƙwas ɗin takalmin Malama a lungu.

Malama Bahaushiya ce Kirista, ƴar Wusasa. Kullum da ƙafa take shigowa birni ta Ƙofar Kuyambana, da baƙar laima a hannu ko ana ruwa ko ba a yi. Duk zauren da ta wuce sai ta rusuna ta gaida dattawa, su kuma su ce, "Malama an fito? A gaida yara." Ita ke koya mana Turanci a ajin ƙarshe na firamare, kuma tana da wata hanya da ban taɓa jin wani malami ya bi ba. A farkon shekara takan kira mu ɗaya bayan ɗaya gaban aji, ta ba kowa kalmar Turanci guda. Ta ce ba kyauta ta ba mu ba, kiwo ne. Ta ce kalmar Bature kamar akuya take, ba ta tsayawa a ma'ana ɗaya, haihuwa take yi. Aikinmu shi ne mu saurara a gari, duk inda muka ji an faɗi kalmarmu da wata manufa dabam, to ta haihu ke nan, sai mu kawo mata ɗan, mu faɗi wanda ya faɗa da inda ya faɗa da abin da yake nufi. Ba a buɗe ƙamus. Ƙamus ɗaya ne ma a makarantar, yana kulle a kabad ɗin hedimasta, kuma ta ce ko a buɗe yake, ba ta karɓar ɗan da aka ɗauko daga garken wani. In shekara ta ƙare kowa zai mayar mata da uwar, ta ba yaran da ke tafe. Ƴaƴan kuwa duka namu ne. "Kun ga na fi masu awakin gari kyauta," in ji ta.

Asabe ta sami light. Ni aka ba ni draw.

Malama ta rubuta ta a allo, ta zana ƙwarya a gefe, ta ce uwar ke nan, zane. Ba ta kiran sunana, Ƴar Kusfa take ce mini. Da na koma gida na tsaya a zaure na gaya wa Baba cewa abin da yake yi yana da suna da Turanci, kuma ni aka ba wa riƙonsa. Bai ɗago daga kan rigar ba ya ce, "Ashe tun ina yaro Turanci nake yi ban sani ba. Ki ce wa Malama a kawo mini satifiket ɗina."

Ranar Alhamis ake zagayen garke. Malama takan bi layin benci da laimarta a hammata tana tambaya, "Ta haihu?" Ta Asabe ba ta hutawa. Haske, abu marar nauyi, kunna fitila, wutar lantarki da ake ɗaukewa ana kawowa. Asabe takan juyo ta ce mini, "Tawa tagwaye take zubawa, taki kuwa juya ce, a kai ta mahauta." Na yi makonni ina sunkuyar da kai. A cikin birni wa ke Turanci balle in ji?

Da damina aka yi amai da gudawa a unguwa, sai ma'aikatan lafiya biyu suka shigo gidanmu zuba magani a rijiya. Ina raɓe a bayan turmi, ɗayan ya nuna guga ya yi wa ɗan'uwansa magana da Turanci. Ban fahimci komai ba, amma a tsakiyar maganar na ji kalmata, kamar yadda nake gane kukan akuyar Inna a cikin na awakin unguwa. Ban san lokacin da na fito ba.

"Malam, don Allah me ka ce yanzu?"

Inna daga bayan ƙyaure ta ce, "Ke! Marar kunya, wuce ciki."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Bar ta, Hajiya. Cewa na yi kada a ja ruwa a rijiyar nan sai gobe."

Jan ruwa. Abin da nake yi kowace safiya har tafin hannuna ya yi kanta. Ranar Alhamis tun Malama ba ta iso bencina ba na miƙe. Ta ce, "Ƴar Kusfa, ta haihu?" Na ce, "Ta haihu, Malama, a bakin rijiyarmu." Ta sa aka tafa mini. Asabe ta ce, "Ɗaya tilo, shi ma da ƙyar."

Daga nan kunnena ya buɗe. Na tsinci wani a rediyon yayana ranar da ƴan ƙwallo suka tashi canjaras, yana ta ƙorafi ni ina ta murna. Na tsinci wani a asibitin Wusasa lokacin da Inna ta kwanta, nas ta zo ɗibar jini. A wannan kwanciya Malama ta riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, da kunu a fulas, ta zauna a gefen gadon Inna suna hira kamar tare suka tashi. Wata rana Inna ta ce, "Malama, wace irin akuya kika ba ƴata ne, wadda ba ta cin dusa ba ta shan ƙasari, amma ta hana ta aikin gida?" Malama ta ce, "Tana ci, Inna. Da kunne ake ciyar da ita." Suka yi ta dariya har mai gadon kusa ta ce a ji tausayin marasa lafiya.

Wanda na fi so shi ne na kasuwar Sabon Gari. Na raka gwaggona sayayya, wata mata ƴar kudu mai sayar da kuɓewa tana tallata wa wata, tana ɗaga yatsu biyu tana nuna yauƙi, sai ga kalmata a bakinta. Da na kawo shi, Malama ta zauna a kan tebur, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Wannan ɗan a ƙasarmu aka haife shi. Baturen ma bai san yana da shi ba. Riƙe shi da kyau."

Ranar mayarwa ta zo a ƙarshen shekara. Kowa zai fito gaban aji, ya faɗi kalmarsa, ya lissafa ƴaƴanta, sannan ya ce, "Malama, ga amanarki." Ita kuma ta ce, "Na karɓa." Asabe ta mayar da tata tana taƙama. Da aka zo kaina na faɗi nawa tsaf, na ce ga amanarki. Malama ta dube ni, sannan ta girgiza kai.

"Taki tana da ciki, Ƴar Kusfa. Ba na karɓar akuya da ciki. Riƙe ta har ta sauka, ki kawo mini har gida."

Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, don ni kaɗai aka bar wa tata.

Na yi ƴan shekaru a makarantar ƴanmata, sannan na auri wanda nake so, ma'aikaci a ofishin ƙaramar hukuma, muka zauna a wajen Ƙofar Doka. Kalmar ba ta daina haihuwa ba. Na ji ta a bakin maigidana yana nufin jan labule. Na ji ta a labarai ana nufin lokaci ya matso. Na ji ta ana nufin ƙuri'ar da ake jefawa don a fitar da mai rabo. Amma kowanne na samu sai in auna shi a raina in ce wannan ƙarami ne, ba shi Malama ke nufi ba. Na ɗauka akwai wani babba guda da ta sani, wanda saboda shi ta hana ni mayarwa, kuma ina jin kunyar in tsaya a ƙofarta da wanda bai kai ba. Sai in ce bari dai in ƙara saurara.

Ina jego na fari aka yi shekarar nan da gari ya rikice, aka yi ƙone-ƙone har abin ya kai Wusasa. Ba zan faɗi abin da ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne, da ƙura ta lafa Baba ya sa babbar rigarsa, shi da wasu dattawan unguwa, za su je jaje. Ya biyo ta gidana ya tsaya a zaure.

"Za ni wajen Malamarku. Akwai saƙo?"

Na ce, "A gaishe ta, Baba. A ce ina tafe in na gama wanka."

Da la'asar ya dawo, fuskarsa ba walwala. Ya ce ita da iyalinta lafiyarsu ƙalau, amma ta rame. Ya ce, "Ta ce ki zo mata da jaririn da ɗan akuyar gaba ɗaya." Bayan wannan Malama ta nemi a mayar da ita wata makaranta a wajen ganuwa. Takalmin nan bai sake bin lungunmu ba. Dattawan zaure sun daɗe suna ɗaga kai da safe in sun ji tafiyar mace, sannan su mayar da ido kan ɗinkinsu.

Na gama wanka ban je ba. Ba wanda ya hana ni, maigidana ma ya ce in shirya ya kai ni a babur. Sai dai yanzu nauyin ya zama biyu. Ga ɗan da ban samo ba, ga jajen da ya yi latti, kuma ban san da wace fuska mutumin birni zai shiga gidan nan a lokacin ba. Kowane wata da ya wuce sai zuwan ya ƙara nauyi. Inna ta lura. Wata rana ta zo duba jikanta, tana goya shi ta ce, "Ke kin ga yadda nake yi da tsohuwar Ƙofar Doka. Ko akuyar ta rame nakan ja ta in kai mata ta gani. Shekarar da ɗan ya mutu, fatarsa na naɗe na kai mata, muka zauna muka yi jimami tare. Mai abu ba ƙiba take son gani ba, fuskarki take son gani." Na ce to, Inna. Na ce sati mai zuwa.

Sau ɗaya na sake ganinta. Ƴaƴana sun fara tasawa, ina tsaye a bakin titi a Ƙofar Doka ina jiran mota, sai wata ƙaramar bas ta tsaya sauke fasinja. Tana zaune a jikin taga, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta ya yi fari, laimar tana tsakanin gwiwoyinta. Na so in ja mayafi in kau da kai, amma ta riga ta gan ni. Ba ta ce ina kika shiga ba. Ba ta ce shekara nawa ba. Murmushi ta yi kamar ranar Alhamis ce.

"Ƴar Kusfa. Ta haihu?"

Na durƙusa a nan bakin titi. Na ce, "Saura kaɗan, Malama. Zan zo."

Ta ce, "Ina nan."

Yaron mota ya buga ƙofa, suka wuce.

Yanzu duk abin nan ya kau. An rufe rijiyar gidanmu da kankare, ruwa a jarka ake kawowa. Zauren Baba ya zama shago, keken ɗinki ke yin aikin riga, ba mai zama da alƙalamin kara. Ganuwar da Malama ke ratsawa ta zaizaye, an yi gine-gine a kanta. Ban san wata mace a unguwarmu da ke riƙe wa wata akuya ba, kowa na tsoron a ce ya ci amana, sai aka daina ba da amanar gaba ɗaya. Turanci kuwa ya cika gidaje, ba sai yaro ya raɓe a bayan turmi ba. Ranar da Asabe ta kawo labarin, bayan ta tafi, jikana ya ga ina zaune na kasa tashi, na ba shi labarin a taƙaice. Ya zaro waya ya ce, "Hajiya, ai yanzu-yanzu zan karanto miki su duka, ki zaɓi wanda ya rage." Na ce ya mayar da ita aljihu. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Washegari da safe muka tafi gaisuwa ni da Asabe. Mun fita ta Ƙofar Kuyambana, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin wurin. Kafin Asabe ta gama ba mai adaidaita labarin ciwon gwiwarta mun iso.

Ƴar Malama ta fari, Lami, ita ta karɓe mu. Ta girme mu kaɗan. Muka zauna a tabarma cikin mata, muka ce Allah ya ba ku haƙuri, ta ce amin, mun gode. Baƙar laima tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, ban sani ba ko ita ce ta da. Asabe ta ce mu ɗalibanta ne na cikin birni. Lami ta ce, "Me aka ba ku?" Ashe haka take tambayar duk wanda ya zo. Asabe ta faɗi tata. Ni ma na faɗi tawa a hankali.

Lami ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ke ce Ƴar Kusfa?"

Na ce ni ce.

Ta ce Malama ba ta daina ba da kiwo ba ko bayan ta bar aiki. Yaran unguwa da jikoki, kowa da tasa. Kalmomin nan sun zagaya hannuwa da yawa, wasu sun je sun dawo sun sake tafiya. Ta ce akwai ɗanta ita Lami, wanda tun yana ƙarami ba ya rabuwa da fensir, duk bangon gidan nan ya zane shi. Ya yi ta roƙon kakarsa ta ba shi wannan kalma, har da kuka. Malama ta ce masa, "Tana hannun mai kiwo. Ba a ba da abin da ke hannun wani." Yanzu ya girma, yana aiki a wani gari.

Na ɗago kai daga saƙar tabarma. Na ce, "Yaya Lami, wane ɗa ne ya rage? Wanne take jira?"

Ta ce, "Ni ma na taɓa tambayarta. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta ce duk wanda kika kawo, shi ne."

Asabe ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ban yi kuka a gidan mutane ba. Na tuna labule, na tuna ƙuri'a, na tuna duk waɗanda na raina na bari a gida, kowanne cikinsu ya isa kuɗin shiga wannan ƙofa.

Da muka tashi tafiya Lami ta rako mu har bakin hanya. Ta kama hannuna ta ce, "In kina so ki faɗa mini, in karɓa a madadinta." Na san alheri take nufi. Na buɗe baki, na faɗi kalmar, na fara lissafa ƴaƴan tun daga bakin rijiya har kasuwar Sabon Gari, tana gyaɗa kai. Da na zo inda ake cewa ga amanarki sai na tsaya. Ba ita ta ba ni ba, kuma ba muryarta nake jira in ji ta ce na karɓa ba. Na ce mata na gode. Ta ce ba komai, ƙofa a buɗe take.

Mun dawo birni kafin azahar. Kalmar tana hannuna har yau, ban mayar ba.